Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Jama'atu Nasril Islam da Limaman Juma'a na Kaduna

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta malamai. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman afuwarku tun kafin in shiga magana, don ba tarbiyyarmu ba ce ƙarami ya tsaya gaban manya yana nuna musu aiki. Ni ba malami ba ne. Ɗan kasuwa ne mai zuwa ɗaukar karatu tsakanin magariba da lisha, mai kuma sauraron huɗubarku duk Juma'a. Sai dai na ƙasan mumbari yana ganin abin da na kansa ba ya gani, wato yadda magana take sauka a kunnen jama'a da abin da suke yi da ita bayan an watse. Wannan ne ya ba ni ƙarfin halin rubuto muku, kuma gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Kun karantar da mu aƙida, kun kuma karantar da kyau. Yaron Islamiyya ɗan shekara takwas ya san Allah ɗaya ne, bai haifa ba, ba a haife shi ba, ya san Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bawan Allah ne kuma manzonsa. Ban zo neman a rage ko harafi daga wannan ba. Ban kuma zo da zancen nan na "ai duk addini ɗaya ne" ba, wanda Kirista mai riƙo da addininsa ma ba zai yarda da shi ba. Kukana a kan ɗaya ɓangaren karatun yake: yaya Musulmi zai zauna da mutumin da bai karɓi wannan aƙida ba, alhali kasuwarsu ɗaya, motar hayarsu ɗaya, layin ganin likita ɗaya suke bi? Babin yana nan cikin littattafan da ke jere a ɗakunanku. A kan mumbari ne ya yi ƙaranci, har yaranmu suka taso suna zaton babu shi.

A da garin Kaduna ne da kansa yake karantar da wannan darasi, ba sai malami ya buɗe baki ba. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya, ga kuma ma'aikatan jirgin ƙasa da barikokin soja, sai gari ya zama wurin da dole ka zauna da wanda ba irinka ba. A gidan hayar da na tashi, famfo ɗaya muke layi da Bajju da Kataf da Tibi da Yarabawa. Idan Kirsimeti ta zo, maƙwabcinmu ba ya yanka akuyarsa da kansa. Yakan riƙo igiyarta har ƙofar ɗakinmu, ya miƙa wa mahaifina wuƙa, don kada a kai mana kwanon shinkafa mu kasa ci. Ranar layya kuwa mu yara ake ɗora wa faranti mu bi ɗaki ɗaki, ba wanda ya taɓa cewa a tsallake na wane. Ba ina cewa zamanin babu aibu ba ne, ai cikinsa aka yi Kafanchan a 1987 da Zangon Kataf a 1992. Amma ko da ran mutum ya ɓaci, akwai fuskar da ya sani a ɗaya ɓangaren, akwai matar da ta taɓa goya shi.

Sai rikicin watan Fabrairu na 2000 ya zo, na Mayu ya biyo, aka rasa rayuka fiye da dubu. Aka sake a Nuwamban 2002, aka kuma a Afrilun 2011. Mutane suka riƙa musayar gidaje, wasu suka sayar a wulaƙance, wasu suka bar kango suka tsira da rai. Kogin Kaduna ya zama iyaka. Musulmi suka tattaru a Tudun Wada, Rigasa, Unguwar Sanusi, Badarawa da Kawo, Kirista suka cika Sabon Tasha, Television, Unguwar Romi, Narayi da Gonin Gora. Masaƙun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Makarantun gwamnati da ke haɗa yara a benci ɗaya suka lalace, kowa ya kai ɗansa makarantar kuɗi ta mutanen addininsa. Yau akwai magidanci a Rigasa, haifaffen bayan 2000, da mata da 'ya'ya, wanda bai taɓa sa hannu a kwano ɗaya da Kirista ba. Duk abin da ya sani game da su daga bakinku ya ji, ko daga wayarsa. Akwai takwaransa a Sabon Tasha, shi ma Musulmi a wurinsa labari ne. Wancan yana da nasa shugabannin, su ya kamata a rubuta wa. Namu dai nauyinsa ya dawo wuyanku, ko kun nema ko ba ku nema ba.

Ga irin abin da yake ji. Akwai wani masallaci da nakan yi Juma'a idan harka ta kai ni wajen. Daura da shi akwai kemis ɗin wata mata Kirista, tsohuwar nas, cikin 'yan ƙalilan da suka ƙi tashi. Ita ake buga wa ƙofa da tsakar dare idan zazzaɓi ya rufe yaro, ita ke rubuta bashi a littafi har albashi ya fito, Hausa kuwa a bakinta kamar ta Zazzau. Wata Juma'a mai addu'a ya ɗaga murya a lasifika yana roƙon Allah ya halaka Yahudu da Nasara baki ɗaya, ya mayar da 'ya'yansu marayu, kada ya bar ko ɗaya. Sahu ya amsa da amin mai ƙarfi. Da aka sallame, mutane suka tsallaka titi sayen magani, tana zaune a kan bencinta tana cewa, "Alhaji, an sauko? Allah ya karɓa." Ba ta ce komai ba, ba kuma za ta ce ba. Amma yaran da suka ɗaga hannu a sahun baya sun ji addu'ar, sun kuma san ko ita wace ce.

Allah ya gafarta malamai, ku kuka koya mana cewa alƙunutun da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wata guda yana yi, a kan Ri'ilu da Zakwan da Usayya ya yi shi, ƙabilun da suka yi ha'inci suka kashe makaranta Alƙur'ani a Bi'iru Ma'una. Ya ambaci azzalumai da sunansu. Da aka ce masa ƙabilar Dausu ta ƙi gaskiya, ya yi musu mummunar addu'a, sai ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya shiryi Dausu ya kawo su. Ba wanda zai hana mu kai ƙarar masu kashe yara a Gaza wurin Allah, wajibinmu ne ma. Amma a Gazan nan an kai hari harabar cocin Saint Porphyrius a Oktoban 2023, Kiristocin Falasɗinu da suka fake a ciki suka mutu. Su ma suna cikin waɗanda muke roƙon a halaka?

Akwai ayar da kusan kowane matashi ya haddace fassararta, ta 51 a Suratul Ma'ida, wadda ta hana riƙon Yahudu da Nasara majiɓinta. Gaskiya ce, maganar Allah ce. To amma a tambayi matashin nan aya ta 8 a Suratul Mumtahana, inda Allah ya ce bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba, da yi musu adalci, sai ka ga yana kallon ƙasa. Bai san Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ta tambayi Annabi game da mahaifiyarta mushrika da ta zo wurinta, ya ce ta sadar da zumuncinta ba. Bai san an wuce da gawar Bayahude Annabi ya miƙe tsaye, da aka ce masa ai Bayahude ne ya amsa da cewa ashe ba rai ba ne. Bai san Annabi ya bar duniya sulkensa yana jingine a hannun Bayahude a kan sa'i 30 na sha'ir ba, alhali ga attajiran sahabbai da za su ba shi kyauta da gudu. Duk waɗannan a Bukhari suke, littafin da ake karantawa a masallatanmu shekara da shekaru.

Malamanmu na mazhaba ba su bar mu cikin ruɗu tsakanin ayoyin biyu ba. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a shekara ta 684 bayan hijira, ya ware babi guda a littafinsa Al-Furuƙ don bambance kyautata wa waɗanda ke zaune da Musulmi bisa amana da kuma ƙaunar addininsu. Na biyun ya ce haramun ne. Na farkon kuwa ya zayyana shi dalla dalla: tausasa wa mai rauninsu, ciyar da mayunwacinsu, tufatar da marar suturarsu, yi musu magana mai laushi don jin ƙai ba don tsoro ba, haƙuri da cutarwar maƙwabtaka ko da kana da ikon ramawa, roƙa musu shiriya, kare mutuncinsu a bayan idonsu idan wani ya taɓa su, da tsare dukiyarsu da iyalinsu. Kada wani ya ce ai malamin sassauci ne. Shi ɗin dai ya rubuta littafi sukutum na raddi ga malaman Kirista da Yahudu, bai rage musu komai a fagen hujja ba. Ya kayar da magana a takarda, ya kuma ce a kai wa mai maganar abinci idan yana jin yunwa, bai ga karo tsakanin biyun ba. Na yi shekaru ina zama gaban malamai kafin in ji wannan babi, kuma a zaure na ji shi, cikin mutane ƙalilan, ba a lasifika ba.

Ko a gida ba baƙon abu ba ne. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya sauki Baturen Ingila Kilafaton a Sakkwato, ya zauna da shi yana yi masa tambayoyi kan ƙungiyoyin Kirista na dā, har baƙon ya rasa amsar wasu. Maguzawa sun zauna cikin daular da amanarsu da gonakinsu. Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya kafa wannan ƙungiya taku a 1962, ya zaga ƙasa yana kiran mutane zuwa Musulunci ba tare da jin kunyar kowa ba, amma a majalisarsa akwai Michael Audu Buba da Peter Achimugu, kuma Ishaya Audu, Bahaushe Kirista, yana cikin likitocin da ya amince wa jikinsa. Asibitin koyarwa na Barau Dikko da muke kai matanmu haihuwa sunan Kirista ne daga Wusasa, likita na farko ɗan Arewa. Yau jikokin irin waɗannan mutane idan suka ce su Hausawa ne, sai yaranmu su yi musu dariya a Facebook, su ce Bahaushe ba ya zama arne. Wannan kalma ma tana buƙatar ku yi magana a kanta, don yadda ake jefa ta a kasuwa da cikin Keke Napep ba bayanin aƙida ba ne, zagi ne, kuma mai faɗa da wanda aka faɗa wa duk sun san haka. Allah ya hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa don kada su zagi Allah bisa jahilci, a aya ta 108 ta Suratul An'am. Masu yanka bidiyon izgili ga Baibul suna watsawa, su jira me zai dawo?

Yanzu ga wurin da ya fi nauyi. Gideon Akaluka a Kano a 1994. Bridget Agbahime a kasuwar Ƙofar Wambai a watan Yunin 2016, wadda daga baya aka sallami waɗanda aka gurfanar kan kisanta. Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ranar 12 ga Mayun 2022. Dukkansu Kiristoci ne da taron jama'a ya kashe bisa zargin ɓatanci ga Musulunci. Babu Musulmin da zai ji an taɓa mutuncin Annabi jininsa bai tafasa ba, ni ma haka nake, ina kuma roƙon Allah ya kashe ni a kan haka. Amma ku kuka karantar da mu cewa haddi aikin hukuma ne, sai an kai gaban alƙali, an kawo shaidu, an ji ta bakin wanda ake tuhuma. Taron da ya ɗauki dutse da taya da fetur ba alƙali ba ne, yawancinsu ma ba su ji abin da aka ce an faɗa ba, ihu kawai suka ji suka biyo. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan Deborah, Allah ya saka da alheri. Sai dai sanarwa ce a takarda, da Turanci, aka miƙa wa 'yan jarida. Yaron da ke riƙe da dutse ba ya karanta sanarwa. Juma'ar da ta biyo baya yake jira ya ji me limaminsa zai ce, kuma a masallatai da yawa ko dai an yi shiru, ko an ce "ba daidai ba ne, amma", sai abin da ya biyo bayan amma ya cinye huɗubar. Bayan shekara ɗaya, a watan Yunin 2023, irin wannan taro ya kashe Usman Buda, mahauci Musulmi, a mayankar Sakkwato. Wanda aka bari ya saba yanke hukunci da hannunsa ba ya tsayawa tambayar addinin na gaba.

Na san amsar da ake bayarwa, don a majalisarmu ma ita ake ba ni: su ma ai suna yi. Suna yi. Ba a manta Yelwan Shandam a 2004 ba. Ba a manta Zonkwa da Matsirga a 2011 ba, inda aka kashe Musulmi ɗaruruwa, waɗanda suka tsira suka yi shekaru a sansanin alhazai na Mando. An tare matafiya a hanyar Rukuba ta Jos a Agustan 2021 suna dawowa daga zikiri a Bauchi. An ƙone mafarauta 16 a Uromi a watan Maris na 2025. Duk wanda ya taɓa ratsa Gonin Gora ranar da gari ya rikice da hula a kansa ya san me ake kira faɗuwar gaba. Akwai kuma masu wa'azi a wancan ɓangaren da bakinsu ya fi na namu zafi. Ku ci gaba da neman haƙƙin waɗannan bayin Allah da babbar murya, muna bayanku. Amma aya ta 8 a Suratul Ma'ida, surar nan dai da ake jawo mana aya ta 51 daga cikinta, cewa ta yi kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yin adalci. Ba ta ce sai in sun fara yi ba. Mai gyaran mota ɗan Kachia da ke Panteka ba shi ya tare hanya a Jos ba, kuma Annabi ya ce wanda ya kashe mai amana ba zai ji ƙanshin Aljanna ba. Haka nan idan muna jin zafin a hana mu filin masallaci a wani gari na Kudu, ko a cire wa 'yarmu hijabi a makaranta, to mu saurara idan Kirista ya ce ya yi shekaru yana neman takardar filin coci a garinmu bai samu ba. Laifi tudu ne, mun daɗe muna taka namu.

Ranar 23 ga Yunin 2018, mahara suka auka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Filato. Mutane suka gudo Nghar Yelwa, akasarinsu Kiristocin Birom. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo da ya haura shekara 80, ya shigar da mata gidansa, maza ya zuba su cikin masallaci, mutum 262. Da maharan suka iso suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya durƙusa yana roƙonsu, ya ce sai dai su fara da shi. Daga baya ya faɗa cewa filin da aka gina masallacin ma Kiristocin wurin ne suka bayar kyauta shekaru da dama da suka wuce. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019, tamu ta ba shi lambar girma ta ƙasa. Abin da ya dame ni shi ne, na fi jin sunansa a bakin fastoci da gidajen rediyon waje fiye da kan mumbarinmu. Mutumin nan bai je taron ƙara wa juna sani a otal ba. Karatun zaure ya yi, irin wanda kuka yi, a ciki ya samo abin da ya tsayar da shi a ƙofar masallaci. Me ya hana a ba yaran Islamiyya labarinsa a matsayin abin da Musulunci ke sa mutum ya yi?

Kuma kada a raina abin da huɗuba ɗaya za ta iya. Imam Muhammad Ashafa na nan garin ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu a rikicin 1992, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama, kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. Imam Ashafa ya sha faɗa cewa abin da ya karya masa niyyar ɗaukar fansa huɗubar Juma'a ce da ya ji a kan yafiya, da yadda Annabi ya ƙi yarda a halaka mutanen Ɗa'ifa bayan sun jefe shi. Daga nan cibiyar sulhun da suka kafa tare ta samo asali, har ta kai su sasanta mutane a Yelwa da Shandam. Wani limami ne ya hau mumbari ran nan ya zaɓi wannan babi maimakon wani.

Na san ana zama a NIREC, majalisar da ta haɗa shugabannin Musulmi da na Kirista na ƙasa, an sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a Agustan 2002, ana ɗaukar hoto da shugabannin CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya. Ban raina ba, ya kashe wuta ba sau ɗaya ba. Amma maganar da aka yi a can da Turanci, ita nake roƙon a dawo da ita nan da Hausa, da aya da hadisi, daga bakin malaman da matasa ke tururuwa tafsirinsu, na Izala da na Tijjaniyya da na Ƙadiriyya, tunda inuwarku ta haɗa su duka. Idan mai tafsirin azumi ya iso Mumtahana, ya zauna a kanta kamar yadda yake zama a kan ayoyin yaƙi, kada mai jan baƙi ya wuce da sauri. A sa babin haƙƙin maƙwabci wanda ba Musulmi ba cikin manhajar Islamiyyu. A amsa wa mutane tambayoyin da suke jin nauyin yi a fili: in je gaisuwar mutuwar abokin aikina Kirista, kuma me zan ce idan na je? In duba shi a asibiti? In ba shi naman layya? In karɓi abincin da ya aiko? Inda malamai suka yi saɓani, kamar taya murnar bukukuwansu, a faɗa mana saɓani ne, kowa ya kawo hujjarsa, a daina fitar da mutum daga addini don ya gaisa da maƙwabcinsa. Ranar da kuma taro ya kashe wani da sunan Annabi, a samu matsaya ɗaya da za a karanta a kowane masallacin Juma'a na jihar nan a makon, a kira abin kisan kai.

Roƙona na ƙarshe shi ne a fara tun yanzu da gari yake lafiya. Kun fi ni sanin yadda lokacin zaɓe yake a jihar nan, yadda 'yan siyasa ke zuwa gaisuwa da daddare, kowa yana neman a ce ƙuri'arsa ce ta kare addini. Idan aka bari sai gangar ta fara, duk malamin da ya buɗe baki ya ce Kirista yana da haƙƙi, za a ce an saye shi.

Allah ya ƙara wa malamai lafiya da nisan kwana, ya yafe mini inda harshena ya zarce.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibinku,
daga Tudun Wada, Kaduna.